Hanyar da Baban Asiya Bai Gama Hawa Ba

Da sunan Allah nake farawa, wanda ya ba ni aron mijina iya shekarun da ya so, ya kuma karɓi abinsa a lokacin da ya so. Sunansa Bashiru. Ban taɓa kiran sunan nan da bakina ba, Baban Asiya nake ce masa, yau ma hannu ne ya rubuta. Ni ce Rabi, matarsa, muna zaune a Damba cikin Gusau. Ban daɗe da fita takaba ba. Ina rubuta wannan ne saboda matan da mazajensu ke hawa babur su yi nisa, da kuma iyayensu.

Bakanike ne, gyaran babur yake yi a Sabon Gari. Mutane suna hawa babur don kabu-kabu ko zuwa gona, shi kuwa don ya ga gari yake hawa. Kowace shekara bayan Babbar Sallah sai ya rufe shago, shi da abokinsa Lawali su ɗaure kaya su kama hanya. A bara wani ya nuna masa hoton wata hanya a ƙasar Kamaru, wadda ke nannaɗe jikin wani babban dutse a bakin teku. Tun daga ranar bai sake maganar wani wuri ba.

Da suka isa ya kira ni, iska tana cin rabin maganarsa.

"Rabi, dutse a damana, teku a haguna, hanya kuma kamar an yar da igiya. Yashin bakin ruwan baƙi ne wuluk kamar gawayi. In ka yi sama sai girgije ya sauko ya zauna a kan titi, ka shiga cikinsa da babur, ko tayarka ta gaba ba ka gani."

Na ce, "To ka fito daga cikinsa ka dawo gida, Asiya tana tambayarka."

Ya dawo shi kaɗai, domin Lawali ya samu aikin gyaran injin kwale-kwale a Kalaba ya tsaya, wayar Lawalin kuma ta faɗa ruwa. Tsarabata gorar roba ce cike da ruwan teku, da baƙin yashi kwance a gindinta. Ya ce tunda ban taɓa ganin teku ba, ga shi ya kawo mini har ɗaki. Ya sa na ɗanɗana, na yamutsa fuska, ya yi ta dariya. Ina kaɗa miya na tambaye shi ko sun je lafiya sun dawo lafiya.

"Lafiya lau. Sau ɗaya kawai na kwantar da mashin a cikin girgijen, na tashe shi muka wuce."

Na ɗauka hutawa yake nufi, kamar yadda ake jingine babur a zauna a sha ruwa. Na zuba masa tuwo.

Makonnin farko ciwon kai ne kawai, a ɓarin dama. Ya ce gajiyar hanya ce, ya sayi magani a kemis. Daga baya barci ya yi masa yawa. Mutumin da ba ya zama wuri ɗaya sai a same shi a shago da hantsi ya jingina da bango yana gyangyaɗi. Sifana ta riƙa suɓucewa daga hannunsa na hagu. Wata rana ya dawo gida ya tsaya a tsakar gida yana shinshina iska.

"Wa ya kawo ɗanyen kifi gidan nan?"

Babu kifi a gidan. Wake da shinkafa na dafa.

Mahaifiyarsa, Inna, ta zo daga Bungudu. Shi ne ɗanta na fari, don haka ba ta kiran sunansa, ba ta zama kusa da shi, "mai babur" take ce masa tana kallon gefe. Mu uku muka tafi asibiti. Tun bayan asuba muka karɓi kati, ba mu shiga ba sai da aka kira azahar. Benci ya cika, wasu a ƙasa, wasu a jikin bango da ledar ƙarin ruwa a hannu. Likitan matashi ne, idanunsa sun yi ja, ga jama'a suna leƙe ta ƙofa. Ba ni da abin da zan ce a kansa sai alheri, domin ya yi tambayar da ta dace. Ya duba idon Baban Asiya, ya ce:

"Malam, ka taɓa faɗuwa?"

A wajenmu in aka ce mutum yana faɗuwa, farfaɗiya ake nufi, kuma ba abu ne da ake so ya fita daga gida ba. Kafin kowa ya buɗe baki Inna ta gyara lulluɓi.

"Likita, wagga magana ba a yi muna ita. Babu hwaɗuwa gidanmu tun kakanni. Ga ɗiyarshi nan tahe, wa za ya neme ta in anka ji haka?"

Likita ya ce, "Inna, ba haka nake nufi ba," ya juya ga mai ciwon. Baban Asiya ya yi murmushi irin na masu sana'a.

"Ni? Tun ina yaro nake kan mashin, ban taɓa faɗuwa ba."

Wani ya turo ƙofa yana cewa matarsa ta suma a layi. Aka tura mu awon jini, aka ce maleriya ce da ɗan taifot. Allurai da ƙwayoyi, muka dawo gida muna godiya.

Daga nan ne abin ya sauya kama. Ba da dare yake zuwa ba, da rana tsaka yake zuwa, lokacin da unguwa ta yi tsit, kaji sun shige inuwa. Ranar farko na fito daga madafa na same shi zaune a tabarma ƙarƙashin dogon yaro, ya miƙa hannuwansa biyu gaba kamar ya riƙe kan babur. Idonsa a buɗe. Wuyan hannunsa na dama yana murzawa a hankali. Sai jikinsa ya karkata hagu, sannu sannu, har na ce zai kife, sannan ya dawo daidai.

Na durƙusa a bayansa na dafa kafaɗarsa.

"Kama ni da kyau," ya ce, ba tare da ya waiwayo ba. "Kwana ce a gaba."

"Baban Asiya, kana ina?"

"Gindin dutsen. Yanzu muka fara hawa."

Bayan ɗan lokaci ya sauke hannu, ya dube ni sarai, ya tambaya ko an yi la'asar. Bai tuna komai ba.

Haka ya zama kullum. Ni kuma na saba yi masa tambayar nan, ban san dalili ba. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne amsar ba ta maimaita kanta. Yau ya ce sun wuce masu sayar da ayaba. Bayan kwana biyu ya ce suna tsakiyar gonakin shayi. A mako na gaba ya ce teku ya koma ƙasa can, jiragen ruwa sun zama kamar ƙudaje. Yana kwance a Damba, amma tafiya yake yi, kuma sama yake yi. Ya ce akwai ƙara a kunnensa, wuuu, ta zo ta koma, ta zo ta koma, ya tambaye ni yadda aka yi ba na ji. Wata rana ya shafa hannun rigata ya ce, "Kin jiƙe. Ai na gaya miki sanyi ake yi a sama." Rana kuwa tana dukan kwano har yana ƙara.

Asiya, mai shekara huɗu, ta daina shiga ɗakin. Na ce ta je ta gaida babanta, ta maƙale a bakin ƙofa ta ce, "Ai bai dawo ba."

Masu dubiya kowa da nasa. Wata ta ce hawan jini ne, a ba shi zoɓo ba sukari. Wani ya ce sammu ne daga abokan sana'a. Maƙwabciyata, Allah ya saka mata, ita ta riƙa ɗaukar Asiya tana kawo mana kunu ba tare da ta ce komai ba. Sai Kawu Sani, ƙanin Inna, ya zo daga Tsafe. Yana zama idonsa ya sauka a kan gorar nan da na ajiye a saman kabad.

"Wancan hwa, mine ne?"

Na gaya masa. Ya miƙe tsaye yana salati.

"Ya tahi garin mutane ya ɗebo musu ruwa da ƙasa, kuma kuna tambayar abin da ad damunai? Masu shi na sunka biyo abinsu."

Ba zan ɓoye ba, maganar ta zauna mini. Ta fi maleriya kama da abin da nake gani. Na sayar da akuyoyina biyu muka ɗauki shatar mota zuwa Tsafe wajen wani malami. A hanya, da muka zo saitin dutsen Kwatarkwashi, Kawu ya ce kowa ya yi addu'a. Baban Asiya ya buɗe ido ya dubi dutsen ta taga, ya daɗe yana kallo.

"Ba shi ba ne," ya ce. "Wannan ai ana ganin ƙarshensa."

Malamin Tsafe dattijo ne mai tsoron Allah. Ya yi masa karatu kwana uku, ya ba da rubutu. A rana ta ƙarshe ya kira ni gefe ya ce, "Ɗiyata, na yi abin da na sani, ban ga abin da kuke nema ba. Addu'a ba ta ɓaci, amma ku koma asibiti." Na gode masa har gobe. Sai dai Kawu ya ce tukuna, a fara mayar wa ruwa da ruwansa. Muka wuce Bungudu gidan Inna. Da safe Kawu ya ɗauki gorar ya tafi gulbi, ya tsiyaye ta har da yashin, ya jefa robar.

Washegari Baban Asiya ya tashi garau. Ya nemi tuwon dawa da miyar kuka, ya cinye. Ya zolayi Kawu cewa ya zubar masa da tsarabar da ya sha wahalar ɗaukowa, sai ya biya shi kuɗin mai. Gida ya cika da hamdala, Inna ta sa aka yi waina aka raba sadaka. Daga baya wata likita ta gaya mini cewa irin ciwonsa haka yake, ya saki mutum ya sake kamawa. A duk jinyar nan babu abin da ya cuce mu kamar sauƙin nan. Saboda shi muka ƙara kusan mako biyu a Bungudu, maganar asibiti ta bi iska.

Da ciwon ya dawo, ya dawo da ƙarfi. Ƙafar hagu ta fara ja. Amai da safe. Kalmomi suka riƙa ɓace masa, ya nuna moɗa ya ce a ba shi taya. Da rana in ya miƙa hannuwa, na hagun ba ya tsayawa, sai ya zame ya faɗi kan cinyarsa.

"Kana ina?"

"Mun shiga girgijen."

Kashegari na sake tambaya. "Cikin girgijen." Jibi ma haka. Tafiyar ta tsaya. Ya ce Lawali ya yi gaba, ba ya ganin jar fitilarsa. Ya ce in yi shiru, yana sauraron inda teku yake don kada ya bi ta can.

Wata ranar Talata da hantsi, mata suna sussukar gero a tsakar gida, ya taso zai fita, sai ya yanke jiki. Jikinsa ya sandare, ya shiga karkarwa, kumfa tana fita a bakinsa. Matan suka watsar da taɓare suka ja da baya, wata tana janye 'ya'yanta tana cewa kada yawun ya taɓa kowa. Abin da Inna ta rantse babu a gidansu, ga shi a tsakiyar gidanta, a gaban maƙwabta. Inna ce ta ratsa su, tsohuwar da ban taɓa ganin ta haɗa ido da shi ba, ta zauna a ƙasa ta ɗora kansa a cinyarta, tana share kumfar da gefen zanenta.

"Bashiru," ta ce. "Bashiru. Bashiru, ga ni."

Duk wanda ke gidan ya sunkuyar da kai.

Muka dawo Gusau a ranar. Aka ba shi gado bayan doguwar jira a baranda. A nan Lawali ya same mu, shigowarsa gari ke nan, ya je shago ya tarar da shi a rufe. Wata likita ce ke zagaye, mace mai sanyin murya. Ta haska idanun Baban Asiya ɗaya bayan ɗaya, ta sake haska na dama. Ta tambayi wanda suka yi tafiyar tare ko ya faɗi a hanya.

Lawali ya ce, "Faɗuwa kam a'a, likita. Kwantar da mashin dai ya yi."

Na tuna maganarsa ranar da nake kaɗa miya.

"Kwantarwa kamar yaya?" in ji likita.

"Ai mu ba ma ce wa wannan faɗuwa, sai in an karye ko an kwashi mutum. Taya ce ta zame masa a kwana, cikin girgije, mashin ya tafi ƙasa. Kansa ya ɗan taɓa dutsen gefen hanya. Ya ɗan yi shiru, sai ya tashi yana dariya."

"Shirun ya kai yaya?"

Lawali ya dubi ƙasa. "Na yi gaba ban gan shi ba. Sai da na juyo na dawo na same shi kwance."

Ta ce a kawo hular kwanon da ya sa. Lawali ya je shago ya ciro ta daga ƙusar da take rataye tun ranar da Baban Asiya ya dawo. A ɓarin dama akwai baƙin salatif, an manna shi da kyau, aikin hannun Baban Asiya, ba ka lura sai ka shafa. Likita ta ɓare shi. Tsaga ce tun daga saitin kunne har tsakiyar kai.

Hoton kai ba a yin sa a nan sai a wani wuri na kuɗi. 'Yan kunnena na aure suka tafi, abokan sana'arsa na Sabon Gari suka haɗa sauran, Allah ya rufa musu asiri. Likita ta ɗaga hoton a jikin taga ta nuna mini wani farin abu kamar jinjirin wata a gefe ɗaya.

"Jini ne ya kwanta tsakanin ƙashi da ƙwaƙwalwa. Ba zuba yake yi ba, tsatsafowa yake yi kaɗan kaɗan tun ranar, yana danne ta. Da a farko ne, ƙaramin aiki ne, a huda a zuƙe."

Ta dubi fuskar Inna, na ga ta so a ce ba ta faɗi na ƙarshen ba. Ta ce har yanzu akwai fata, amma masu aikin suna Sakkwato, a tafi yanzu. Lokacin la'asar ta wuce. Duk direban da Lawali ya tambaya sai ya girgiza kai, ba mai bin hanyar nan da yamma ko nawa za a ba shi. Ina da ƙorafi a kan wannan, da kan garin da ke da asibitoci amma babu mai huda ƙashi ya ceci rai, sai dai ban san wanda zan kai wa ba. Muka jira safiya.

Gari na wayewa muka tashi. Lawali a gaba, ni da Inna a baya, kansa a cinyata, ƙafafunsa a nata. Tun jiya bai yi magana ba. Muka wuce Bungudu, Inna ba ta ko kalli garin ba. An yi ruwa da asuba, titi a miƙe yake sambal, babu tudu babu kwana, gero da dawa sun yi kore shar dama da hagu.

Sai na ji hannunsa na dama yana motsi a kan gwiwata. Wuyan hannun yana murzawa a hankali. Na sunkuya.

"Baban Asiya, kana ina?"

Muryarsa ta fito tas, irin ta da.

"Mun fita. Rabi, mun fita daga girgijen. Duba hagu."

Na duba hagu. Gonaki ne har iyakar gani, iska tana kaɗa su suna kwantawa suna tashi.

"Kin gani?"

"Na gani."

"Ban gaya miki ba?"

Jikinsa ya karkata hagu sannu sannu, na riƙe shi da kyau kamar yadda ya saba ce mini. Bai dawo daidai ba. Inna ta fara kalmar shahada, Lawali ya ce wa direba ya tsaya. Daga nan muka juyo. A Bungudu aka yi masa sutura kafin azahar.

Na san kwana ne ya ƙare, ba na jayayya da wannan. Ban riƙe Inna ba, ban riƙe Kawu ba, ban riƙe Lawali ba. Kowa a cikinsu gaskiya ya faɗa da irin Hausarsa, kuma son shi suke yi. Abin da nake roƙo kaɗan ne. In naku ya dawo daga tafiya ya ce ya kwantar da mashin, ko ya ɗan zame, ko ya taɓa ƙasa, ku ajiye abin da ke hannunku ku tambaye shi ko kansa ya bugu. Ku ɗauko hular ku shafa ta da hannu. In ciwon kai ya biyo baya, ko bayan wata guda ne, ku faɗa wa likita da bakinku kafin ya tambaya. Ku kuma likitoci, don Allah in za ku tambayi mutanenmu, kada ku ce ya taɓa faɗuwa. Ku ce kansa ya taɓa buguwa.

Lawali ya kawo mini hular a cikin kayansa. Wata rana cikin takaba, da rana tsaka, gida ba kowa, na ɗauke ta na sa a kaina, ban san abin da ya sa ba. Tana ƙanshin man gashinsa. Da ta rufe kunnuwana sai na ji ƙarar nan da yake faɗa. Wuuu, ta zo ta koma, ta zo ta koma. Na tambayi maƙwabciyata, ta ce ko ƙwarya ka kifa a kunne haka za ka ji, motsin jinin mutum ne. Wataƙila haka ne. Ni ban taɓa jin teku ba, ba ni da abin da zan gwada da shi.

Allah ya sa inda ya fita ya fi inda ya bari haske, ya yafe masa, ya raya Asiya. Hular tana saman kabad, inda gorar take a da.